Ya Garin? Abin Da Mutanen Pauwa Suka Faɗa Mana

Mu biyar ne muka haɗa wannan rubutu, maza uku da mata biyu, duk muna ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma duk 'yan asalin Pauwa ne da ke Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara a Jihar Katsina. Ba mu taɓa aiko wa jarida rubutu ba. Abin da ya sa muka aiko wannan, wata jinga ce da malaminmu na labarin ƙasa ya ba mu ana gobe hutu, muka ɗauke ta abin wasa, ta zo ta fi ƙarfinmu.

Tambaya biyu ce kawai. Malam ya ce kowa ya koma garinsu ya tambayi mutane yadda zaman garin yake a yanzu, sannan ya tambaye su inda suke hangen garin nan da shekara 10. Ya ce kada mu tsaya a kan 'yan gidanmu, mu nemi manomi da ɗan kasuwa da mace da tsoho da saurayi. Kafin a tashi ya rubuta mana a allo cewa a watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talaucin da ba da kuɗi kaɗai ake auna shi ba, har da lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli da tsaro. Ya ce wannan lissafin ƙasa ne gaba ɗaya, shi kuma na garinmu yake so, daga bakin masu garin, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar farko mun sha kunya. Mun cika shafi guda da amsa iri ɗaya: "Lafiya lau." "Sai godiya." "Alhamdu lillahi." Har wani bawan Allah da muka san bai daɗe da sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansar ƙanensa ba, da muka ce, "Baba, ya zaman garin?" cewa ya yi, "Ƙalau, 'ya'yana." Da ma haka aka tarbiyyantar da mu, Bahaushe ko rufin ɗakinsa na ci da wuta, in ka gaishe shi sai ya fara da lafiya. Da dare muka zauna muka ga in muka ci gaba a haka, sifili za mu kai wa Malam. Ɗaya daga cikin matanmu ce ta kawo dabara. Ta ce mu daina cewa ya gari, mu riƙa cewa yaushe rabo. Yaushe rabonka da gonarka ta nesa? Yaushe rabonki da zuwa biki a ƙauyen da aka haife ki? Yaushe rabonku da kwana ba takalmi kusa da kai? Daga nan bakin mutane ya buɗe, wani ma sai da muka roƙe shi ya bari mu rubuta abin da ya riga ya faɗa kafin ya ci gaba.

Ga waɗanda ba su san wurinmu ba, Pauwa tsohon gari ne a ƙasar Ƙanƙara, ta fuskar dajin da ya haɗa mu da Zamfara. Hakimin Ƙanƙara har gobe Sarkin Pauwan Katsina ake ce masa, kuma tsofaffinmu ba sa gajiya da tuna mana wannan. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma kamar yadda kujerar ta haɗa mu, haka daji ya haɗa mu, haka wahalarsa. Da yawa daga cikinku kun fara jin sunan garinmu ne a Disambar 2020. A daren Juma'a 11 ga watan aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, rediyo ya yi ta ambaton dajin Zango da Pauwa, har ranar 17 ga wata da aka sako yara 344. A lokacin muna 'yan shekara 12 zuwa 13. Daga nan aka rufe makarantun kwana a jihar, mu kuma muka shiga sakandare da sanin cewa ana iya zuwa har ɗakin kwanan ɗalibi a tashe shi.

Wanda ya fi ba mu lokaci shi ne kakan ɗayanmu. Da ya gan mu da littafi da biro sai ya fara tsokanar jikarsa, ya ce, "Amarya, yau kuma ƙidaya kika zo yi mini? To ki rubuta ba ni da ko akuya, kada a zo." Aka yi dariya, amma mun san rabin maganar gaskiya ce. Ya ce gonarsa uku. Ta bayan gari ita ya riƙe duk tsawon shekarun nan. Ta tsakiya ya koma mata bana, bayan damina huɗu. Ta can cikin daji kuwa, wadda ubansa ya sare da hannunsa, ya ce yanzu ko an kai shi ba zai gane iyakarta ba, itatuwa sun cinye. Shanun huɗarsa biyu an kore su tun da daɗewa, bai kuma sake saye ba, don a cewarsa wanda ya ɗaure sa a gida ya aika wa ɓarawo goron gayyata. Da galma yake huɗa, shi da jikoki, ko ya biya a yi masa in da hali.

Muka ce, "To Kaka, yanzu rayuwa ta gyaru ke nan ko ta ɓaci?" Ya ce ta gyaru mana, daminar bana gaba ɗaya a ɗakinsa ya kwana, ba a cikin dawa ba. Sai ya shiga ba mu labarin da. Yadda ake loda auduga a kai Funtuwa, yadda kuɗin kaɗa ke yi wa saurayi aure ya sayi keke, yadda sukan tashi da tsakar dare da jakuna su bi ta daji zuwa cin kasuwa a ƙasar Zamfara, ba abin da suke tsoro sai maciji da kura. Muna rubutawa muna kallon juna. A cikinmu biyar babu wanda ya taɓa yin tafiyar dare daga wani gari zuwa wani. Shi yana da abin da zai gwada yau da shi. Mu ba mu da shi, abin da muka tashi muka tarar ke nan, shi ya sa da ya ce kwana a ɗaki ci gaba ne, ba mu ji wani abu ya yi mana banbaraƙwai ba sai daga baya. Wannan ya tsorata mu fiye da labarin shanun.

Mata ba su yi maganar gona da yawa ba. Hanya suka yi ta ambata. Wata gwaggonmu ta ce ita ma'auninta ɗaya ne, ranar da naƙuda za ta kama mace da ƙarfe ɗayan dare, a samu ɗan acaɓa ko mai mota da zai yarda ya ɗauke ta zuwa babban asibitin Ƙanƙara ba tare da ya ce a jira gari ya waye ba, ran nan za ta ce an samu lafiya. Ta lissafa mana matan da suka jira wayewar garin, wasu sun kai, wasu ba su kai ba. Ba mu rubuta sunayen ba. Wata kuma ta ce mijinta da can ɗan ci-rani ne, yana tafiya bayan kaka ya dawo da ruwan farko, yanzu shekararsa uku a Legas yana acaɓa, sai dai aike ta hannun mai POS. Ta ce unguwarsu in ka cire tsofaffi da yara, mazan da suka rage ba su cika sahu biyu a masallaci ba. Sun yi kukan kuɗin niƙa ma, wanda ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, har wasu suka koma wa turmi da dutsen niƙa.

'Yan kasuwa da 'yan acaɓa su kuma 2021 ce ba ta bar bakinsu ba. A ƙarshen Agustan shekarar gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku. An yi ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar mai da abinci da masu kai musu rahoto, kuma akwai waɗanda suka ce mana a makonnin farko an ɗan ji sauƙi. Amma wani mai sayar da hatsi ya ce a watannin nan in yana son jin farashin Dawanau sai ya yi tafiya har cikin Jihar Kano ya kira, kuma in an shigo wani ƙauye da dare babu yadda za a sanar da na gaba. Ya ce jarinsa a lokacin ya karye, bai kuma miƙe ba. Na bana kuma wani ciwon ne daban: an samu shiga gona, masara ta yi kyau, sai farashinta ya faɗi alhali takin da aka zuba mata da tsada aka saye shi. Mai saye a tiya yana murna, wanda ya ci bashin taki yana lissafin buhu nawa zai sayar kafin ya fita.

Maganar sulhu ce ta kusa raba mana majalisa. Mun zauna a wata rumfar mai shayi, muka jefa tambayar, mutum biyu da suka girme mu nesa suka kama. Na farko ya ce shi dai sulhun da aka yi ta yi a 2025 a ƙananan hukumomin yankin nan, irin zaman da aka yi a Faskari a watan Satumba, shi ya sa ya girbe abin da ya shuka, kuma wanda bai taɓa kwana a kan dutse da 'ya'yansa cikin ruwan sama ba kada ya koya masa jarumta. Na biyu ya ce ya ga sulhun 2019 da idonsa, ya ga yadda aka yi ta ɗaukar hoto, kuma ya ga abin da ya faru a Kadisau ta Faskari a Yunin 2020, sannan ga Disamba. Ya ce muddin bindigar tana hannun mai ita, aron kwana aka ba mu, kuma mai aro yana iya zuwa karɓar kayansa ran da ya ga dama. Wani ya sako maganar dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ya ce yaran gari ne, sun san daji, sun kuma ba da rayukansu. Aka ce gaskiya ne, amma ai an kai harin 'Yargoje a Yunin 2024 suna nan. Mai shayi ya ce don Allah a rage murya.

Mu ma kanmu bai haɗu a nan ba. Biyu suna ganin sulhu ya fi babu, biyu suna ganin an saya wa maciji ƙwai ne, ɗaya ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan abin da bai biya kuɗin fansarsa ba. Abin da muka yarda da shi dukkanmu shi ne, ba mu ga laifin dattijon da ya je ya zauna da wanda ya kashe masa ɗa don sauran 'ya'yansa su yi noma ba. Mun dai ji nauyin abin a ƙirjinmu.

Akwai wadda ba ta cikin jerin da Malam ya ba mu, muka ƙara ta da kanmu. Wata Bafulatana ce mai tallar nono da ta dawo shigowa gari kwanan nan. Da farko ta ƙi magana, ta ɗauka wani ne ya aiko mu. Da 'yan matanmu suka zauna suka sayi fura aka dama, sai ta ce su ma an kore musu shanu, su ma sun yi gudu, kuma shekaru suka yi ba sa iya shiga kasuwa don duk wanda ya gan su ɓarawo yake gani. Ta ce a daji ana ce musu 'yan rahoton gari, a gari ana ce musu 'yan rahoton daji. Muka tambaye ta ko 'ya'yanta na makaranta. Ta yi dariya ta ce wace? Mun daɗe muna jin ana cewa yaran da ke riƙe da bindiga a daji sa'o'inmu ne, wasu ma ba su kai mu ba. Ran nan ne muka tsaya muka yi tunanin cewa nan da shekara 10 su ma suna nan, ko da littafi ko da abin da ke hannunsu yanzu.

Tambaya ta biyu kuwa, ta shekara 10, kusan kowa dariya ya yi mana. "Allah ne masani." Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma mun lura ko ba a faɗa da baki ba, ana faɗa da aljihu. Duk wanda ya samu 'yan kuɗi a garinmu yanzu, fili yake nema a Ƙanƙara ko Malumfashi ko Funtuwa. Mun zaga ba mu ga sabon gini na bulo da aka fara a bana ba, sai gyaran katangar da ruwa ya ci. Ba mu ga wanda ya dasa mangwaro ba. Ana shuka abin da zai nuna cikin wata uku ko huɗu, a girbe a kai gari a ajiye, don ko rumbu ba a cika son cikawa ba. Da muka matsa wa wani kawunmu ya ce, "Ku dai ku bar ni in ga kaka mai zuwa." Samari kuwa ba su ɓoye ba. Wannan Abuja, wannan Fatakwal, wannan wurin haƙar zinare. Wani abokinmu da muka yi firamare tare ya ce nan da shekara 10 zai zo Pauwa da mota ya yi sallah ya koma.

Ba duka ne suka yanke ƙauna ba, kada mu yi wa garinmu ƙarya. Limamin unguwarmu ya ce garin da ya ga yaƙe-yaƙen da, ya ga yunwa, bai tashi ba, ba zai tashi yanzu ba. Wani malamin firamare ya ce ajinsa ya fi na bara cika, iyalai suna dawowa kaɗan-kaɗan. Kuma da muka ce me kuke so a fara yi, ba wanda ya ambaci wani abu mai girma. Hanya mai kyau da za a iya kawo ɗauki cikin minti kaɗan, ma'aikacin lafiya da zai kwana a gari, malamin da ba zai nemi canjin wurin aiki bayan wata biyu ba, taki a kan lokaci. Zaɓen 2027 na tafe, sun ce sun san za a zo a faɗa musu waɗannan abubuwan da bakin wasu.

Ranar da za mu koma makaranta muka je yi wa Kaka sallama. Ya karɓi littafin ya jujjuya, ko da yake ba ya karanta boko, sai ya ce, "To 'yan ƙidaya, kun tambayi kowa. Ku fa? Nan da shekara goman kuna ina?"

Ba wanda ya amsa. Rajistar JAMB ta ƙarato, kuma kowannenmu ya riga ya san abin da zai cike. Ɗaya tana son makarantar ungozoma ta Malumfashi, tun kafin ta ji maganar gwaggo. Ɗaya yana son karanta ilimin ma'adinai a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, don tun yana yaro yake ganin ana lodin farar ƙasar Ƙanƙara a manyan motoci ana fita da ita, yana mamakin me ake yi da ita a can da ba za a iya yi a nan ba. Ɗaya aikin soja yake so, mahaifiyarsa ba ta sani ba tukuna. Ɗaya tana son koyarwa. Na biyar ya ce shi kwamfuta zai karanta a Zariya, kuma ba zai yi mana ƙarya ba, in ya fita ya fita, zai kwashe iyayensa. Ba mu ji haushinsa ba, don a gidansu aka fi yin rashi.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, ma'aikacin lafiyar da ake so ya kwana a gari da malamin da ba zai gudu ba, in ba irinmu ba, wa zai zama? Baƙo yana da garinsu da zai nema a mayar da shi. Amma iyayen da suka ce suna son waɗannan ma'aikata, su ne kuma ba sa son 'ya'yansu su zama su. Mai son ungozoma ta gaya wa mahaifiyarta cewa in ta gama gida za ta dawo ta yi aiki. Inna ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Ban sayar da tumakina na kai ki makaranta don ki dawo ki kwana da takalmi ba. Ki nemi Katsina." Ta ce, "Inna, to wa zai karɓi haihuwar su Yaya?" Inna ta ce, "Allah zai kawo wani." Har muka baro gari ba su sake tayar da zancen ba.

Mun miƙa jingar ranar Litinin, shafi 14 da rubutun hannu. Ranar Laraba Malam ya dawo mana da ita ba maki. Ya ce aikin ya yi kyau amma bai cika ba, akwai mutanen Pauwa biyar da ba a ji ta bakinsu a tambaya ta biyu ba, kuma ya bar mana shafi a ƙarshe. Ya ba mu zuwa Litinin mai zuwa. Yau Asabar, mutum ɗaya ne ya rubuta nasa, shi ne mai zuwa Zariya.